Ni na ce Nasiru ya bar ƙwallon

Nasiru ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya same ni da safen nan, ƙarfe shida da kwata, ina ƙoƙarin tayar da babur zan tafi shago. Bala Tela ne ya kira ni daga Kabo. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Habu, Rariya ya cika bayan asuba."

Na bar babur ɗin na zauna a dakalin ƙofar gida. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a wurin ba, ni da komai sai na duba agogo.

Kwana uku ya yi yana fama da ciwon ciki. An yi masa sallah a Dugabau ƙarfe goma sha ɗaya, mun kai shi, na dawo Gwarzo. Tun azahar nake rubuta wannan ina gogewa. Ban sani ba ko daidai ne in sa shi a nan shafina, ranar da aka binne mutum. Amma idan na bari sai gobe, na san halina.

Waɗanda ba su san shi ba, Nasiru mai gyaran injin ban ruwa ne, rumfarsa tana bakin hanya a Kabo. Kafin nan ɗan ƙwallo ne. Shi ne lamba biyar a kulob ɗin garinmu na Dugabau, ni ne lamba huɗu. Mu biyu ne a tsakiyar baya, gaban gola, har shekara shida.

Da yawanku ba ku san sunansa na yanka ba. Rariya kuka sani. Manomi zai ce a kai injin wurin Rariya. Mai babur zai tambayi fasinja ko a rumfar Rariya zai sauka. Yau shekara goma sha shida ke nan.

Ina so in faɗi inda sunan ya samo asali, don ina wurin.

Wasan ƙarshe ne na wata gasa da ake yi bayan an gama girbi, mu da 'yan Mainika. Saura kwana huɗu a buga, Nasiru ya yi targaɗe a gwiwar dama wajen tirenin. Mai ɗori ya ja masa ita, ya ce ya huta sati biyu. Kocinmu ya yarda ya zauna a benci.

Ni na je har gida na lallashe shi. Na ce masa, "Ka shiga kawai ka tsaya. Duk ƙwallon da ta zo ta sama ni zan ɗauka. Kai dai ka riƙe min ƙasa."

Ya shafa man zafi, ya naɗe gwiwar da bandeji biyu, ya shiga.

Akwai ƙa'idar da aka koya mana tun muna buga ƙwallo ba takalmi. Idan mutum biyu suna ƙarƙashin ƙwallo ɗaya, wanda ya yi kira shi ke da ita. Ɗayan ba ya tunani, ba ya waiwaye, janyewa yake yi. In ba haka ba ku yi karo, ku faɗi tare, ɗan gaba ya wuce abinsa.

Ana ɗaya da ɗaya, saura kaɗan a tashi, suka yi kuros daga hagu. Nasiru yana daidai inda ƙwallon za ta sauka. Da ya sa kai, da ta fita. Ni ina bayansa da taku uku, na taho da gudu na ce, "Tawa!"

Ya sunkuyar da kai.

Na yi tsalle kafin lokaci. Ƙwallon ta wuce ta samana, ɗan gabansu ya taɓa ta, ta shiga raga.

Da ganguna da ihun mutane, babu wanda ya ji kirana sai shi. Abin da 'yan kallo suka gani shi ne lamba biyar ya ga ƙwallo ta nufo shi ya duƙa. Bala Tela yana bakin layi, ya ɗaga murya ya ce, "Wannan ai ba mai tsaron baya ba ne, rariya ce." Kafin mu iso gida sunan ya riga mu.

Gwiwar ta kumbura a ranar, ba ta ƙara komawa daidai ba. Bai sake buga wasa ba, don haka bai samu wata rana da zai wanke kansa a fili ba.

Ni kuwa da shekara ta zagayo aka ba ni kyaftin.

Ina da ɗabi'ar rubuta abin da ya faru da ni kullum tun ina aji uku a sakandare. Ɗazu na ɗauko littafin waccan shekarar. Layi biyu na rubuta a ranar: "An ci mu biyu da ɗaya. Ni na kira ƙwallon, gobe zan faɗa wa koci."

Washegari na rubuta cewa an yi zafi sosai, kuma na je kasuwa.

Mun daina bugawa, muka koma kallo. Duk Asabar da la'asar nakan hau babur daga Gwarzo in je gidan kallo a Kabo, don a nan tsofaffin abokanmu suke taruwa. Ni da Nasiru da Bala kulob ɗaya muke goyon baya a ƙwallon Turai, kuma shekarun nan 'yan bayanmu sun hana mu sakat. Wannan ya ji rauni, wancan ya dawo, kafin ya yi wasa uku ya sake komawa. Duk ƙwallon da aka zura mana sai an yi shari'a a kanta, a samo mai laifi kafin a watse.

Bala ne kullum mai gabatar da ƙara.

"Dogon nan na tsakiyar baya, tunda ya dawo daga jinya ya zama kujera. A sayar da shi, ko a ba da shi sadaka."

Nasiru zai ce, "Kai inda ƙwallo ta ƙare kake kallo. Wa ya bar na gefe ya ɗaga kai ya zaɓi inda zai aika ta? Ina ɗan tsakiyarmu yake?"

"Ya dawo ya tsaya masa a kafaɗa ke nan?"

"Mutum ya yi wata huɗu a kwance, ka ce ya juya kamar da? Gwiwa fa ba taya ba ce da za a canza."

Sai Bala ya juya wajen jama'a ya ce, "Ku yi shiru, shugaban rariyoyin duniya yana kare ɗan ƙungiyarsa."

A yi dariya. Nasiru ma ya yi, ya miƙa wa Bala gyaɗa.

Ni ina gefensa a benci ɗaya. Wani lokaci nakan yi murmushi don kada a ga na bambanta. Wannan shi ne abin da ya fi yi min nauyi a rubuta.

Wata Asabar aka ci mu wata ƙwallo irin waccan sak. 'Yan baya biyu a ƙarƙashinta, ɗaya ya janye, ɗaya bai kai ba. Gidan ya ɗauki zagin wanda ya janye. Nasiru ya ce a jira a maimaita hoton. Da aka maimaita ya nuna talabijin ɗin da yatsa ya ce, "Ku dubi bakin na bayan. Magana ya yi."

Bai kalle ni ba. Da ya kalle ni ma da ya fi min sauƙi.

Na fita kamar zan amsa waya, na tsaya wajen babura har aka tashi.

Ban san yadda zan bayyana muku wannan hali ba. A shekarar farko na ga abin ya yi sabo, a bari ya huce. Da aka yi shekara biyar na ga ya tsufa, wa zai tono shi. Da aka yi goma sai tambayar ta koma me ya sa ban faɗa ba tun farko, kuma ba ni da amsa. Kowace Asabar sai ta ƙara min dalilin yin shiru. Na yi tunanin daina zuwa, sai na ga idan na daina na bar shi shi kaɗai da su. Ina zuwa kuma ba na tsinana masa komai.

Shi kuwa ga abin da ya yi min.

Shekarar da injin mahaifina ya tsaya, tumatir yana tsakiyar fure, Nasiru ya rufe rumfa ya zo har gona. Ya wuni a cikin taɓo da wannan gwiwar, bai tashi ba sai da ruwa ya fito.

Ranar da Inna ta rasu, na isa maƙabarta na tarar da shi a cikin ramin, yana fitar da ƙasa. Sai da mutum biyu suka kama shi ya fito, don ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai.

Idan na makara zuwa kallo, yakan ajiye hularsa a kan benci ya kama min wuri. Duk wanda ya zo zama ya ce masa, "Na lamba huɗu ne."

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati biyu ke nan. Na je da wuri na same shi a rumfa, ya kwance wani inji yana wanke kayan cikinsa da fetur. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har ƙaramar da ke haƙori. Na zauna a kan wata tsohuwar jarka.

Na ce, "Nasiru, maganar ƙwallon nan ta 'yan Mainika."

Ya ce, "Wacce?"

"Ka san wacce."

Ya ci gaba da goge abin da ke hannunsa. Can ya ce, "Ka kira, na bari. Haka aka koya mana. Ko gobe ka kira zan bari."

Na ce masa zan faɗa wa abokanmu gaskiya a gidan kallo ranar.

"Ka faɗa wa Bala? Cewa zai yi ashe rariya biyu ce, ɗaya a kan ɗaya."

Ya yi dariya, ni na kasa. Da ya ga haka ya ajiye tsumman.

"Habu, ba zan ɓoye maka ba. Da ka faɗa a lokacin, da na ji daɗi. Sati guda na yi a kwance da ƙafar nan, duk wanda ya yi sallama sai in ce ko kai ne ka zo da koci."



Ya ce, "Miƙo min sifana sha uku, tana bayanka."

Na miƙa masa. Muka tafi kallo tare. Aka ci mu ɗaya da nema, aka ɗora wa dogon nan laifi kamar kullum, gardama ta yi zafi, na ga ba ranar ba ce. Asabar ɗin da ta wuce muka ci wasa, kowa yana murna, Nasiru bai zo ba, na ga babu kyau in yi maganar ba ya nan.

Yau a maƙabarta Bala yana kusa da ni. Kuka yake yi kamar yaro, domin yana son Nasiru, wannan ba na shakka. Ya riƙe hannuna ya ce, "Allah Ya jiƙan Rariya, mutumin kirki." Na buɗe baki, na ce amin.

Kada wani ya ga laifin Bala. Abin da idonsa ya gani ya faɗa. Wanda ya san abin da ido bai gani ba, ni ne.

To ga shi na faɗa, duk da na san rubutu a waya ya fi sauƙi a kan kallon idon mutane, kuma wanda ya kamata ya ji ba zai ji ba. Nasiru bai tsorata da ƙwallo ba. Bai taɓa ba. Ya shiga wasan da gwiwa ɗaya saboda na roƙe shi, ya duƙa saboda na ce ya duƙa. Ƙwallon da aka ci mu tawa ce.

Ya bar mata da 'ya'ya huɗu da mahaifi tsoho, Malam, wanda har yanzu yake koyar da karatu a zaurensa. Idan kun je gaisuwa, don Allah ku tambayi gidan Nasiru.

Ya Allah Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa. Haƙurin da ya yi da mu Ka sa ya tarar da shi a mizani. Ka ba iyalinsa juriya, Ka tsaya musu a inda shi yake tsaya musu.

Duk wanda ya karanta, ina roƙon ya yi masa addu'a ko da sau ɗaya ce, da sunansa. Idan kun gama ni ma ku sa ni. Jibi za a taru a ƙofar gidansu don addu'ar uku, duk abokanmu za su zo, har da tsohon kocinmu. Ku roƙa min Allah Ya ba ni ikon maimaita wannan da bakina, in ban sake samun wani dalili ba.