Yatsun Masu Tsinkar Shayi

Kowa a gandun shayin Thyolo ya san Felesiya Namaona, in ba don faɗa ba to don robar mai da take yawo da ita a haɓar zani. Shekararta ashirin da biyu tana tsinkar ganye, kwando a baya, ƙafa cikin raɓa.

Abin da ya mai da ita haka, uwarta ce. A rajistar zaɓen da ta wuce, tsohuwar ta taka sayyadarta har makarantar firamare, ta dangwala yatsa a na'ura sau tara, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba. Ganyen shayi ya cinye zanen yatsun, sun yi sumul kamar bayan cokali. Ta dawo gida tana kuka, kafin wani zaɓen kuma ƙasa ta rufe mata ido. Felesiya ta rantse ba za a sake yi wa wata tsohuwa wannan wulaƙancin ba.

Ta yi ta bincike har ta gano maganin: hutun kwana biyar ba tsinka, a riƙa shafa wa yatsun fiya da mai safe da yamma, zanen sai ya ɗan farfaɗo. To amma wa ke da kwana biyar? Wadda ba ta cika kwandonta ba, kaftan, shugaban ma'aikatan gandu, ya ba wata layin shayinta. Sai Felesiya ta ce ita za ta cika. Tsofaffi huɗu ta bi ɗaya bayan ɗaya, tana tsinkar nata tana tsinkar nasu, ta kuma ce ba za ta yi rajistar kanta ba sai ta ga katin ta ƙarshe.

Ta ƙarshen ita ce Kaka Nasiyaya, mai taurin kan tsiya. Kwana biyu da fara hutu Felesiya ta kama ta a bayan ɗaki tana sussukar masara.

"Haba Kaka! Ni ina can ina karya ƙugu, ke kina nan kina goge mini yatsu?"

"Yatsunki ko nawa? Zama ba aiki ciwo yake sa ni, 'yar nan."

"To ki yi ciwon. Ranar Juma'a ake rufewa."

"Fiyar ma na cinye. Abinci a hannu, ki ce in shafa?"

Wallahi da wata ce da ta haƙura. Felesiya ta kwashe masarar kaf ta kai gidanta, ta kawo sabuwar fiya, ta tsaya a kanta har ta shafa.

Ranar Juma'a da la'asar suka isa makarantar, layi ya kusa ƙarewa. Kaka ta ɗora babban yatsa, shiru. Ta sake, shiru. A karo na uku na'ura ta yi ƙara, fitila ta koma kore. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa har ma'aikacin ya toshe kunne.

Sai Felesiya ta miƙa nata hannun. Kwana ashirin na tsinkar mutum biyu sun gama da shi, fatar ta bushe ta tsattsage. Dama, ja. Hagu, ja. Yatsa goma, ja goma. Ta laluba robar mai, babu ko ɗigo, duk ta ƙarar wa mutane.

"Mama, ki yi haƙuri, lokaci ya yi," in ji ma'aikacin, yana jawo murfin akwati.

Felesiya ta juya ta dubi ƙofar. A nan, a bakin wannan ƙofar uwarta ta tsaya.

"Ɗan nan, sauke hannunka!" Kaka ta daka masa tsawa. "Ka rufe, ka rufe da ni a ciki."

Ta cafko hannun Felesiya, ta murza babban yatsan a nata goshin, inda zufar hawan tudu ta taru da maiƙo, ta murza har sai da ya yi laushi, sannan ta danna shi a kan gilashin da hannuwanta biyu.

Na'ura ta yi jim. Sai kore.

Felesiya, wadda ba a taɓa ganin hawayenta a gandu ba, ta rufe fuska da gefen zani. Ma'aikacin ya tambayi cikakken sunanta. Ta faɗa, sannan ta ƙara da na uwarta, ko da yake babu gurbinsa a takardar.