Mai Usur Ta Bar Mana Fili

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malamar motsa jiki ta makarantarmu, wadda ɗalibai ke kira Mai Usur. Shekara sha shida muna zama tebur ɗaya a ofishin malamai.

Malama, ban manta faɗuwarki ta farko ba. Kina gaban 'yan aji uku kuna zagaya fili, sai fuskarki ta kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya gagara. Aka ce asma ce. Sai a karo na uku wata likita ta lura da ɗigo-ɗigon da ke bayanki, ta sa aka gwada jini da ɓargo. Ta ce wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast sun yi miki yawa. Da jiki ya ɗau zafi wajen gudu sai su zubo sinadarinsu gaba ɗaya, jini ya sauka, maƙogwaro ya toshe.

Da kika dawo aiki kika ce mini, "'Yar uwa, ashe sojojina ne suka yi yawa, har suna harbin 'yan gida."

An hana ki gudu, amma ba ki bar fili ba. Kujera a inuwa, usur a baki. Kika tara mu kina koya mana a jikin lemo yadda za mu soka miki allurar gaggawa in ciwon ya taso, kina tsokanar shugaban makaranta. Ke kika ga kumburi a wuyan wata yarinya bayan tsere, kika yi ta sintiri shagon ɗinkin uwarta har ta kai ta asibiti, aka rubuta mata allurar gaggawa ita ma. Jiya yarinyar ta zo gaisuwa, allurarta na cikin jaka.

Ranar Talatar nan wata ɗaliba ta faɗo daga matakala can ƙarshen fili, ba ta motsi. Kin san abin da gudu zai yi miki, kika ruga, sai ciwon ya taso. Ni na soka miki allurar a cinya, ta biyun ma ni ce. Ba mu kai ki asibiti da rai ba. Ɗalibar ta farfaɗo, tana ta tambayarki.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki da ta ga wannan rana. Allah Ya ba su haƙuri. Ke kuma Allah Ya jiƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata miki makwanci, Ya sa wannan gudu na ƙarshe ya yi nauyi a mizaninki. Amin.