Ludayin Inna Hajo

Da damanar bana Inna Hajo, ƙanwar mahaifiyata, ta cika shekara tara da rasuwa. Ita ce malamarmu ta aji huɗu a Unguwar Lalle, kuma har yau idan na ji sanyin randa a tafin hannuna, muryarta nake ji.

Wata shekara aka kira malamai bita a garin Isa kan tsabtar ruwa. Da ta dawo ba ta yi mana dogon bayani ba. Shuni ta shafa min a yatsu, ta ce in ɗebo ruwa da moɗa kamar yadda muke yi a gida. Na tsoma hannu cikin randar aji, muka leƙa, sai ga shuɗi yana yawo a ruwan kamar hadari. Ta ce abin da ido bai gani ma haka yake shiga. Daga ranar ta rataye ludayi mai dogon hannu: da shi ake ɗiba, a zuba a moɗa, sannan a sha.

Mu kuwa muka kwashi darasin da zafinsa zuwa gida. Kakanmu Baba Malam, wanda ya karantar da rabin garin Alƙur'ani, ya miƙa hannu zuwa randa, na ce, "Baba, hannunka da datti!" Irin haka ta faru a gidaje da yawa. Iyaye suka fusata, har ana maganar cire yara daga ajinta. Da kunnena na ji Baba Malam yana ce mata, "Hajo, mi kike koya ma ɗiyan mutane? Boko ko rashin kunya?"

Ba ta yi musu ba, ba ta kuma sauke ludayin ba. Washegari ta ce mana, "Ba a hana babba. Riga shi ake yi." Muka wuni muna gwaji: ka ga babba ya nufi randa, ka tashi da sauri, ka ɗiba da ludayi, ka durƙusa ka miƙa da hannu biyu. Ranar da na yi wa Baba Malam haka, sai da ya shanye, ya sa min albarka. Maganar cire yara ta mutu.

Yanzu ni ma malama ce, na je bitoci masu majigi da hotuna. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga ruwan leda a kowane aji, ko makarantun da tsoro ya rufe. Ina jin za ta fara tambayar inda yaran ke shan ruwa.

Kwanan baya a wani biki a Kamarawa, wata tsohuwa ta ce min, "Matan Unguwar Lalle akwai ladabi, ba su bari babba ya taɓa randa." Ba ta taɓa jin sunan Inna Hajo ba. Na durƙusa na miƙa mata ruwa, ban gyara mata zance ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya shayar da ita daga Alkausara.