Labaran Masinja da Maganar Rakiya

Duk wanda ya taɓa zuwa neman takarda a ofishin da Malam Labaran Auta yake aiki a Wudil ya san bencinsa. Yana nan dab da ƙofar shugaba, ya yi sumul saboda zama. Shekara ashirin da shida ke nan yana masinja a wurin, shugabanni tara ya ga shigarsu da fitarsu. Daga yadda aka miƙo masa fayil yake gane wanda zai yi tafiya da wanda zai kwanta.

Mutumin Kausani ne, autan gidansu. Yana gama sakandare mahaifinsa ya rasu, yayyensa duk sun yi nisa, gona ta dawo hannunsa, karatu ya tsaya a nan. Sai da furfura ta fara cin gemunsa sannan ya sayi fom ɗin karatun ƙarshen mako a jami'a, sashen gudanar da mulki da hidimar jama'a.

"Auta, ɗaukar fayil ɗin ma sai an je jami'a?" in ji Garzali, direban ofis.

"A'a, zuwa zan yi in gano abin da ke kwantar da shi."

A aji Baba suke ce masa, suna bar masa kujerar gaba. Ya sha wuya, amma shekara bi shekara yana haurawa, har ya zamana saura kundin bincike kaɗai. Ya zaɓi wani ɗakin shan magani a wani ƙauye na yankin Ɗankaza. Gini sabo, ga ma'aikaciya, ga magani, amma mata ba sa zuwa awo. Ya buga takardar tambayoyi kwafi sittin ya hau babur. Mai unguwa ya shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, aka tara masa maza da dattijan mata, yana karantawa yana cikewa. Amsa ɗaya ce: alhamdulillahi, babu matsala, Allah ya saka da alheri.

Dakta Juwairiyya, malamar da ke duba aikinsa, sa'ar 'yarsa ta fari ce. Ta juya takardun ta cire tabarau.

"Baba, mutum sittin baki ɗaya? Ko 'yan amshi ai sukan saɓa. In komai lafiya, me ya hana su zuwa? Gaskiya ba zan sa hannu ba. Saura mako uku a rufe karɓa, in ba a samu amsa ba sai baɗi."

"Ranki ya daɗe, baɗi fa ritaya zan yi."

Abin da ke ransa ke nan. So yake ya shigo da takardar digiri ofishin nan yana kan bencinsa, ba bayan an ba wani ba.

Ya koma gida. Matarsa Talatu tana tankaɗe a tsakar gida, ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ajiye rariya ta yi dariya.

"Malam, kai da ka tsufa a ƙofar ofis! Waɗanda ke shiga wajen shugaba, me suke gaya masa?"

"Gaisuwa."

"To ainihin maganar fa, wa suke gaya wa?"

Sai ya tuna. Shi suke gaya wa, a bakin ƙofa, suna saka takalmi.

"Ka zaunar da mutum gaban mai unguwa, ka tsare shi da biro, ka ce ya kushe alherin da aka yi masa? Maganar gaskiya ai sai wajen rakiya."

Ranar Asabar ya goya Talatu a babur, ba takarda, sai ƙullin goro. Suka bi gida gida, shi a zaure, ita a ciki. Aka gaisa, aka tambayi damina da yara da dabbobi, aka sha fura, suka yi sallama. Gida uku ba abin da ya fito. A na huɗu wata tsohuwa, Iya Laraba, ta yafa mayafi ta rako Talatu har bakin turba, ta waiga hagu da dama.

"Ke 'yar nan, bari in gaya miki. Kin ga ƙofar asibitin? Darbejiyar da dattawa ke zama take kallo. Wace mai juna biyu ce za ta ratsa ta gaban surukinta da ciki tulu guda, kowa ya san inda ta nufa? Gara ta haƙura."

Sai da suka sha kwana Talatu ta gaya masa, Labaran ya tsayar da babur ya rubuta a bayan katin ɗaurin aure da ya tsinta a aljihu. Cikin kwana goma sun ji maganar nan a rakiya ashirin da biyu. Ya koma ya nemi izinin kowane gida a kan zai rubuta ba tare da suna ba, aka yarda.

Dakta Juwairiyya ta karanta sabon kundin a tsaye, ba ta ko zauna ba. Da ta kai ƙarshe ta zaro biro.

"Baba, wannan dabarar a wane littafi ka samo ta?"

"Littafin yana gida yana tankaɗe, ranki ya daɗe."

Ya kai wa mai unguwa kwafi ɗaya. Dattijon ya riƙe baki, don shi ma ƙarƙashin darbejiyar yake wuni. Ba a yi wata ba aka samu izini, Maikano magini ya fasa ƙofa ta bayan ginin, wajen da turbar rijiya ta bi. Ranar awo ta gaba sai da aka aro tabarmi daga maƙwabta.

Ranar bikin yaye ɗalibai Talatu ce ta gyara masa hular, ta ce rabin digirin nata ne, ya ce ta ɗauki kashi biyu cikin uku. Da Litinin ya iso ofis da sassafe, takardar digirin tana cikin leda a hammatarsa, ya share bencinsa ya zauna. Garzali ya karɓa da hannu biyu ya daɗe yana dubawa.

"To mai digiri, ka gano abin da ke kwantar da fayil ɗin?"

"Na gano," in ji Labaran. "Amma ba maganar zaune ba ce. In an tashi ka raka ni bakin titi."