Mai Rusuna wa Jirgi

Tun yana saurayi Kameji ke aiki a 'yar tashar jirgin ƙasa ta bakin teku, inda gishiri ke cinye fentin benci. Ƙa'idar aikin ita ce a rusuna wa jirgi in zai tashi har ya ɓace. Aka rufe ofishin tashar, aka sallame shi, amma bai fasa zuwa yana rusuna wa jirgi ba.

"Tsoho, ƙarfe fa kake gaidawa," in ji matarsa Fusae. "Ya taɓa amsawa?"

Ranar da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ta je ta tsaya a madadinsa tana mita. Direba ya cire hula, masunta da 'yan makaranta suka miƙe ta tagogi, suka rusuna mata.

Ta dawo gida jiki a sanyaye.

"Tsoho, ashe yana amsawa."