Smaranda da Manhajar da Aka Hana Cewa "Ban Sani Ba"

Smaranda Oprișan ta daɗe tana sayar da magani a birnin Cluj kafin wani kamfanin manhaja ya ɗauke ta aiki. Ƙirƙirarriyar basira suke ginawa, mai amsa tambayoyin marasa lafiya a waya. Aikin Smaranda shi ne ta koya wa abin nan sanin iyakarsa: in tambaya ta fi ƙarfinsa, ya ce bai sani ba, a je a ga likita. Hunturu guda ta yi tana fama kafin ya koya.

Matsalar, a hawa na sama akwai wani kamfani mai gina irin wannan. Ƙofa ɗaya suke shiga, wurin shan kofi ɗaya, gaisuwa ma da ƙyar. Rannan shugabanta Horațiu ya shigo yana huci, wai na sama za su fito da tasu ƙarshen wata, kuma tasu ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Masu zuba jari kuwa sun fi son haka.

"Madam Smaranda, tamu ta cika tsoro," in ji shi. "Rage mata."

"Horațiu, tsoro kuka ɗauke ni in saka mata. Tsohuwa mai hawan jini ce za ta tambaye ta fa."

Ya ce in ba su yi ba, mutane wajen na sama za su koma, waɗanda ba ruwansu da kowa. Gara mai ɗan imani ya riga su kasuwa. Ta yi gardama har muryarta ta dushe, ta yi barazanar ajiye aiki, ta je gida ta ƙone miya saboda takaici. Daga baya dai ta zauna ta rage gargaɗin da hannunta, tana ce wa kanta rabi ya fi babu.

Sun riga na sama fitowa. Aka yanka kek, ita ta ƙi ci.

Bazara ba ta ƙare ba wani babban kamfani daga waje ya saye su duka biyun, ya haɗa su ɗaki ɗaya. A nan ta san Tiberiu, mai irin aikinta a hawa na sama. Ya gaya mata shi ma dole aka yi masa ya cire nasa gargaɗin, don an ce na ƙasa sun riga sun cire.

Har yau tana can. Ta nemi a mayar da gargaɗin, aka ce sai an zauna taro.