Kujeru biyu na baya

Bukari direba ne. A Zangon Sokodé ba wanda bai san shi da farar hularsa da tsumman goge gilashi a kafaɗa ba. Tun yana saurayi yake tuƙa Alhaji Garuba, ɗan kasuwar da ke da shagunan atamfa a nan da Dapaong. Gida ɗaya muke haya da shi, kuma matarsa Shetu ce take ba ni tuwo tun da na dawo daga jami'a na rasa aiki.

Da Alhaji zai sayi sabuwar mota a Lomé, babba, mai aiki da mai da batir, an nuna masa iri biyu: mai kujera biyar da mai bakwai. Bukari ne ya ce a ɗauki mai bakwai, wai gida ba ya rasa baƙo. Kujeru biyun baya suna naɗewa su shige ƙasa, kuma shi kaɗai ya iya naɗe su. Yana son motar ƙwarai. Sai ya cire takalmi yake shiga. Yakan ce mini, "Malam, in tana kan batir, ko kaza ba ta jin tafiyarta."

A 2017 gari ya rikice da zanga-zanga. Ana ƙona taya, ana harba barkonon tsohuwa har cikin lunguna. Shetu tana da ciwon asma, hayaƙin ya kama mata ƙirji, ga maganinta ya ƙare, ga hanyar asibiti a toshe.

Wata rana da hantsi Alhaji ya ce za a tafi Dapaong a guje wa rikicin. Su huɗu ne, shi da Hajiya da 'ya'yansu mata biyu, Bukari na biyar. Bukari ya shigo da sauri ya ce wa Shetu, "Ɗaure kayanki ki kwanta. In kin ji motar a ƙofa, ki fito." Ni kuma ya ce in zo in taya su lodi.

A ƙofar gidan Alhaji, Bukari ya durƙusa.

"Alhaji, akwai wuri biyu a baya. Iyalina ba ta numfashi."

"To dilolin Hajiya fa? A kaina zan ɗora su?"

"Ɗaya kawai, Alhaji. Ɗayar sai a naɗe."

Hajiya ta leƙo ta taga. "Mai tarin nan? A kan kujerar fata? Bukari, kai ne fa kake hana yara cin gyaɗa a ciki."

Alhaji ya yi dariya. "Ka ji ko? Dokarka ce. Naɗe su. Jibi ka dawo ka ɗauke ta."

Na ga Bukari ya daɗe yana kallon kujerun kafin ya ja igiyoyin, suka kwanta. Muka jera atamfa har rufi. Hanyarsu ta ƙofar gidanmu ta bi. Motar ta wuce a hankali, a kan batir, ba sauti ko kaɗan.

Da na shiga gida, Shetu tana zaune da ƙullin kayanta a cinya. Ta ce, "Bai zo ba tukuna?" Na gaya mata yadda aka yi. Ta ce ƙarya nake, da mota ta wuce da ta ji. Haka ta yi ta kasa kunne har la'asar. Washegari ta rasu.

A Dapaong Alhaji bai bar shi ya dawo ba, wai ba a saka irin wannan mota a hanya sai ƙura ta lafa. Mu muka binne ta.

Da suka dawo, Alhaji ya zo gaisuwa da abokansa biyar. Bukari ne ya tuƙo su zuwa gidan makokin matarsa, bayan ya buɗe kujerun baya ya goge su. Aka yi addu'a aka shafa. A bakin ƙofa wani daga cikinsu ya yaba faɗin motar.

Alhaji ya daki bayanta da tafin hannu. "Bakwai take ɗauka, ba matsi. Tambayi Bukari, shi ya zaɓe ta."

Bukari ya cire takalminsa ya shiga.